Buzuzun Dutse

Tun da aka sallame sallar Juma'a Malam Hassoumi ya lura mutane ba sa haɗa ido da shi. Wanda ya saba riƙe masa hannu su daɗe suna tambayar iyali, yau sai ya taɓa yatsunsa ya wuce. Wasu samari a bakin ƙofa sun haɗa kai a kan salula ɗaya, da suka hango shi sai mai ita ya cusa ta a aljihu.

Gabansa ya faɗi. Shi dama mai saurin faɗuwar gaba ne. Ya kusa shekara ashirin a Greensboro, can ƙasar Turawa, yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani babban sito, amma har yau in wayarsa ta yi ƙara sai ya fara tunanin wa ya rasu a Maraɗi.

Yana sa takalmi aka riƙe masa gwiwar hannu.

"Baba, zo mu ɗan zauna a mota."

Habibou ne, ɗan amininsa na Maraɗi, dillalin motoci mai loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Ya daɗe yana neman Aissa, 'yar Malam Hassoumi, kuma Malam shi yake so a ransa. Ita kuwa Aissa ta kafe a kan Kader, wani ɗan Damagaram mai karatun zanen gine-gine da rana, da yamma kuma yana kai wa mutane abinci gida-gida a wata tsohuwar mota. An daɗe ana fama. Sai a makon da ya wuce Malam ya sauko, ya ce to, ranar Asabar, wato gobe, kawun Kader, Malam Sanda, ya zo da mutanensa a yi gaisuwa.

Motar Habibou sai ƙamshin turare da sanyi. Ya rufe gilashi, ya yi ajiyar zuciya.

"Ban so a ce ni na nuna maka ba, Baba. Amma gara ka gani a hannun ɗanka da ka ji a bakin duniya."

Ya miƙa masa salula.

Rana ce ƙwal a cikin bidiyon. Ga wasu manyan ginshiƙan dutse, ga wani tafki mai koren ruwa. A gefensa an kafa wani dutse da ya kai kafaɗar mutum, a kansa an sassaƙa ƙaton ƙwaro. Turawa da gajerun wanduna suna ta zagaya shi suna dariya. A tsakiyarsu ga Aissa, da shuɗin mayafin da uwarta ta saya mata.

Wata murya a bayan wayar tana ta tsokana. Malam ya gane ta, muryar Prisca ce, 'yar Jos, ƙawar Aissa da suke karatun aikin jinya tare.

"Ki kira sunansa mana, Aissa. Kader, Kader. Saura biyu, kada ki tsaya."

Malam ya matso da wayar kusa da idonsa.

"Mene ne wannan a kan dutsen?"

"Buzuzu ne, Baba."

"Wane buzuzu?"

"Wanda ka sani. Mai mirgina kashi. Mutanen Fir'auna girmama shi suke yi. An ce macen da ta zagaya shi sau bakwai za ta samu mijin da take so."

"Sau nawa ka ce?"

"Bakwai. Ka duba da kyau, a hagunta ta sa shi."

Malam Hassoumi bai taɓa zuwa Makka ba. Kowace shekara sai ya ce baɗi. Amma ko yaron goye ya san ɗakin da ake sa wa a hagu a zagaya sau bakwai.

Ya buɗe ƙofar motar ya tofar da yawu a kan kwalta, ya sake tofarwa.

Abin da ya fi ƙona shi, da bakinsa ya yarda da tafiyar. Da Aissa ta ce ƙungiyar ɗalibai za ta kai su Masar a lokacin hutu, shi ba abin da ya zo masa sai Azhar da manyan masu ƙira'a. Ta ce za su ga tsofaffin gine-gine, ya ɗauka masallatai ne. Ba wanda bai faɗa wa ba a masallaci. Har Malam Sanda, duk da tsaurinsa, sai da ya ce masa barka, Allah ya sa ta ɗebo albarka.

Bai yi wa Habibou sallama ba ya fita.

A hanya, wutar danja ta tsayar da shi, sai idonsa ya sauka a kan makullin motarsa. Wani ɗan abu shuɗi yana reto a jiki. Aissa ce ta maƙala masa ranar da ta dawo, don tsohon zoben ya karye. Shi duk a zatonsa kunkuru ne.

Ya ƙura masa ido. Ga ƙafafu, ga tsagar baya.

Da wannan abin a aljihu yake shiga sahu. Da shi ya yi sujada yau.

Ya zaro hankici ya naɗe hannunsa, ya fizge shi da ƙarfi har zoben ya buɗe. Na bayansa suna ta danna masa oda, bai ji ba.

Gidansu ƙarami ne a Glenwood, tsakanin gidajen hayar ɗalibai. Rawayan garin furen itatuwa ya rufe baranda kamar an barbaɗa kurkum. Ya jefa hankicin da abin da ke ciki a kwandon shara na waje, ya wanke hannu a famfon gefen gida kafin ya shiga.

Ƙamshin soyayyen cincin ya tare shi. Matarsa Kouloussoum tana gaban kasko, Aissa tana yanka kwaɓin a kan tebur, hannunta duk fulawa. Shirin baƙin gobe suke yi.

"Sannu da zuwa, Baba. An sauko lafiya?"

"Kouloussoum, kashe wutar nan."

Ta dube shi, ta dubi 'yarta, ta kashe. Daga yadda ta sunkuyar da kai ya gane ita ma ta gani.

"Ke ma kin sani kenan."

"Ɗazu aka turo min, Malam. Na ce bari ka ci abinci tukuna."

"Abinci." Ya yi tsaki. "Aissa, da na ce ki je Masar, me na ce ki yo min?"

Wuƙar ta faɗi daga hannunta.

"Ka ce in yi maka addu'a a Azhar. Wallahi na yi, Baba. Ranar da muka sauka can muka fara zuwa. A ƙofar masallacin na sayo maka carbin nan."

"Daga nan fa?"

"Daga nan muka hau jirgi zuwa Luksor, wajen tsofaffin wuraren bautar mutanen Fir'auna."

"Gidajen gumaka. Kira su da sunansu."

"Tarihi ne, Baba, kallo kawai ake zuwa yi." Ta matso kusa da shi. "Da ka ga wurin da ka gane. Ginshiƙi ɗaya, mu duka muka haɗa hannu ba mu rungume shi ba. Jikin bango duk rubutu ne da hoton tsuntsaye da macizai. A wani wurin fentin rufi ko gogewa bai yi ba. Na tsaya ina cewa a raina, ina waɗanda suka gina wannan? Ba kowa. Sai jemagu da warin kashinsu, sai masu talla suna bin ka."

"Madalla. Allah ya nuna miki wa'azi da idonki. Mutanen da aka nutsar da sarkinsu a teku. Malamai sun ce in hanya ta bi da kai kufan irin waɗannan, ka wuce da sauri kana kuka. Ke kuwa sai kika gyara mayafi kika yi wa ƙwaro dawafi."

"Ba dawafi ba ne."

"Sau nawa kika zagaya?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ta wane hannu?"

Hawaye suka zubo mata. Ta faɗi wata magana da Turanci, kamar yadda take yi in ta rikice.

"Yi min Hausa. Ba da Turanci na haife ki ba."

"Na ce wasa ne, Baba. Jagoranmu ne ya ce a gwada, kowa ya shiga. Har wata tsohuwa mai sanda ta yi."

"Kowa ne ya yanka miki ragon suna? Da ma zaki suka sassaƙa, ko doki, da na ce ƙuruciya ce ta ruɗe ki da kyan abu. Buzuzu, Aissa. Abin da muke yara in mun gan shi a bayan gari muke toshe hanci. Abin da ba ya da sana'a sai tura kashin jaki. Shi kika kai wa kukanki."

Ya ja kujera ya zauna.

"Bari in tambaye ki. Lokacin da kika tafi, na yarda da maganar Kader?"

"A'a."

"Kika dawo, kika maƙala min wannan ƙazanta a makulli, na dinga yawo da ita a aljihu. Ba a jima ba na wayi gari na ce a zo gaisuwa. To ni yanzu in ce me? Ni da kaina na sauko, ko aiki aka yi min?"

"Innalillahi. Malam, wace irin magana ce wannan?" in ji Kouloussoum.

"Kyauta ce, Baba," Aissa ta ce cikin kuka. "Duk wanda ya sayi abu sai mai shago ya ƙara masa da ɗaya. Wallahi ban sa komai a raina ba."

"Ke ba ki sa ba. Mutane fa? Gobe in na karɓi goron Kader, duk ɗan Nijar da ke garin nan zai ce buzuzu ya amsa. 'Yan mata su fara tara kuɗin jirgi. Ke ma wata rana kina zaune a ɗakinki kina jin daɗi, shaiɗan zai raɗa miki cewa dutsen nan fa ya yi aiki. Ni ba zan zama hannun da gunki zai cika alkawarinsa da shi ba."

Ya nuna kwanon cincin.

"A raba wa maƙwabta. Ba wanda zai zo gobe."

Aissa ta zube a ƙasa ta riƙe ƙafarsa. Fulawar hannunta ta ɓata masa wando.

"Baba, ka doke ni. Ka karɓe wayata, ka hana ni fita. Amma kada ka hukunta Kader, ko ƙasar bai taka ba."

Ya janye ƙafarsa a hankali, kamar mai gudun taka wani abu. Wannan janyewar ta fi mata duka ciwo.

Ana cikin haka aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Kader ne, da rigar aikinsa, ya bar motarsa a karkace a bakin titi. Malam bai ce ya shigo ba. Ya fito baranda ya tsaya a kansa. Kader ya durƙusa a kan rawayan garin nan.

"Ina wuni, Baba."

"Ka zo ka ga ko an amsa muku?"

"Na zo ne don na ga abin da kowa ya gani. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Sunana ne ake kira a wurin. Da na gani sai da na faka mota, na kasa tuƙi."

"To ka ji abin da na ji."

"Na ji, Baba. Amma ni ban roƙi dutse ba. Allah na roƙa, sannan na zo nan na durƙusa maka, ka kore ni, na dawo, ka sake kora ta, na sake dawowa. Tun Aissa ba ta san za ta je Masar ba nake zuwa barandar nan."

Aissa ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, uwarta a bayanta. Kader bai tashi ba, ya juya ya dube ta.

"Aissa, me ya kai ki?"

"Prisca ce ta ja ni."

"Prisca ba ta da ƙarfin jan ki sau bakwai. Na san ki. Faɗa min gaskiya a gaban Baba."

Ta rufe fuska da mayafi.

"Da farko dariya nake yi. Wallahi dariya. Amma da aka kusa gamawa, sai na tuna yadda nake kwana ina kuka, Baba ya ƙi, kai kuma kana ta ramewa. Sai na ji na daina dariyar. Wani abu a raina ya ce, to in da gaske ne fa? Bai fi ƙiftawar ido ba. Da muka koma masauki na yi wanka na yi ta istigfari har na kasa cin abinci. Na roƙi Prisca ta goge, ta ce ta riga ta sa a sitatus ɗin wayarta, amma ta cire."

Malam Hassoumi ya dafe ginshiƙin baranda. Da ta tsaya a kan cewa wasa ne, da ya fi masa sauƙi.

Idon Kader ya yi ja.

"Kin ɓata min rai, Aissa. Ni da nake ganin in na samu ke na samu mai tashe ni sallar asuba."

"Ka fasa kawai, Kader. Ban cancanta ba."

"Ban ce na fasa ba. Na ce kin ɓata min rai. Wanda ya faɗi a rami ya fito da kansa yana kuka, ba a mayar da shi ciki."

Kafin Malam ya buɗe baki, wata baƙar mota mai ƙyalli ta tsaya a bayan ta Kader. Habibou ya fito, ya gyara hula, ya hau matakala yana ɗage bakin rigarsa kada ta taɓa ƙura. Ya dubi Kader a durƙushe kamar ya ga tsumma.

"Baba, na ga yadda ka fita, hankalina bai kwanta ba. Bon, tunda kowa na nan, gara in yi magana a fili." Ya gyara murya. "Abin da ya faru ya faru. Yanzu ba wani gidan mutunci da zai so sunansa ya haɗu da wannan bidiyo. Amma ni ɗanka ne. Babana da kai kun ci a ƙwarya ɗaya. Ni zan rufa mata asiri. In ka ba ni ita, kowa ya ga dutsen ƙarya yake yi, tunda ba wanda ta roƙa ta samu ba. Wala, shi ke nan, an kashe bakin tsanya."

Maganar ta shiga kunnen Malam. Ita ce dai hanyar da zuciyarsa take ta lalube tun a mota. Ya ji kamar an buɗe masa taga.

Aissa ta yi wani ɗan ƙara a maƙogwaro, uwarta ta riƙe ta.

Kouloussoum ba mai magana a gaban baƙi ba ce. Amma yau ta matso.

"Habibou, ina da tambaya. Prisca ta ce ta cire abin nan tun suna can. Mu 'yan Nijar ba mu da lambarta. Ta yaya ya shigo guruf ɗinmu yau da safe, ana gobe gaisuwa?"

Habibou ya yi murmushi.

"Mama, ni na sayar wa Prisca motarta, ina da lambarta. Da na gani na ajiye."

"Ka ajiye."

"Na ajiye, ina ta tunanin abin yi. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Na sa a guruf ne don iyaye su farga, su san inda suke tura 'ya'yansu."

Malam Hassoumi ya juyo gaba ɗaya ya fuskance shi.

"Kai ka sa?"

"Don Allah na yi, Baba."

"Tun yaushe yake hannunka?"

"Tun suna can."

"Ka san gidana. Ka san lambata. Ka ci tuwo a falon nan ba sau ɗaya ba. Ba ka zo ka ja ni gefe ba tun lokacin, sai da ka ji an sa ranar Asabar, ka watsa wa gari, sannan ka kira ni mota kana min ajiyar zuciya."

"Baba, ka fahimce ni..."

"Na fahimce ka." Ya kawar da fuska daga ƙamshin turaren Habibou. "Wancan na Masar dutse ne. Inda aka ajiye shi nan yake, bai taɓa bin kowa gida ba. Kai ne ka samu ƙazanta ka dunƙula ta, ka yi ta mirgina ta daga waya zuwa waya, har ka kawo min ita ƙofar masallaci. Yanzu kuma ka zo in biya ka lada da 'yata."

"Baba, ni kake kwatantawa da..."

"Sauka daga barandata, Habibou. Don darajar mahaifinka ba zan ƙara ba."

Habibou ya tsaya kamar zai yi magana, ya dubi fuskar Malam, ya fasa. Ya sauka, wannan karon ya manta da ɗage riga. Motar ta tashi da ƙarfi.

Wasu ɗalibai suka wuce a kan kekuna suna hira, ba su san abin da ake ciki ba.

Malam ya zauna a kan matakala, ya cire hula ya ajiye a gefe, ya riƙe kansa.

"Wannan ya tafi. Amma maganata tana nan. Ba zan bari a ce buzuzu ya ɗaura aure a gidana ba."

Kouloussoum ta zauna a matakalar da ke ƙasa da tasa, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, in tambaye ka. Ranar da ka sauko, me ka ce min a ɗaki?"

Ya kawar da kai.

"Ka ce ka yi istihara. Ka ce ka bincika yaron nan a wurin aikinsa da masallacinsu, ba ka ji abin ƙi ba. Da abin a aljihunka ka yi istiharar, amma ba shi ka tambaya ba. To yanzu in ka hana, saboda me ka hana? Saboda dutse. In ka bayar, mutane su ce dutse ya bayar, wannan ƙaryarsu ce. Amma in ka hana don tsoronsa, to da gaske dutsen ya yanke hukunci a gidanka. Kai da ka ce ba ya iya komai."

Malam ya ɗago ya dube ta.

Sai wayarsa ta yi ƙara.

Gabansa ya faɗi kamar kullum. Ya duba, Malam Sanda ne. Kader ya ga sunan, ya runtse ido.

"Salamu alaikum, Malam Sanda."

Muryar dattijon tana fitowa sarai, kowa a barandar yana ji.

"Wa alaikumus salam. Malam Hassoumi, ba zan ja ka da nisa ba. Gobe kada ku jira mu. Uban Kader ya bar min amanarsa kafin ya rasu. Ba zan ɗauki goro in kai inda aka yi wa gunki dawafi da sunan ɗanmu ba. Na ga abin, har yanzu tsigar jikina tashi take. Yarinyar da ta yi wannan, ban san me za ta koya wa 'ya'ya ba. Ka yi haƙuri."

Ya kashe.

Duk abin da Malam Sanda ya faɗa, Malam Hassoumi ya faɗi wanda ya fi shi ɗazu a kicin. Amma da ya ji shi a bakin wani, sai ya ji kamar an watsa wa 'yarsa ruwan kwata a gabansa.

Ya juya ya dubi Aissa. Ta daina kuka, ta jingina da ƙofa, fuskarta ta bushe kamar wadda aka gama yi wa hukunci. Ga fulawa har a girarta. Wannan ce yarinyar da ya koya wa Fatiha a wannan falon, yana dawowa daga aikin dare idonsa na rufewa. Ba wanda ya tilasta ta faɗin abin da ya ratsa zuciyarta a gaban dutsen. Da ta yi shiru, ba mai sani sai Allah.

Ya ɗauki hularsa ya kakkaɓe, ya sa, ya miƙe.

"Kader, kawunka yana shago yanzu?"

"Yana can, Baba. Ba ya rufewa sai magariba."

"Tashi ka shiga gaba."

Kouloussoum ta miƙe da sauri ta riƙe bakin rigarsa.

"Malam, ina za ka? Uban yarinya ba ya zuwa. Su ne masu nema, su ke zuwa. In aka ji ka taka da ƙafarka, za a ce talla ka kai ta. Har Maraɗi sai an ji."

"Na sani."

"To?"

"Yau me ya rage da ba a faɗa a kanmu ba?" Ya zaro makullin motarsa, tsirara, ba zobe ba komai. "Ya ga zagayen a waya. Bai ga wankan da istigfarin ba, don ba a ɗauke su a bidiyo ba. Dole wani ya je ya faɗa masa, kuma ba wanda ya kamata sai ni."

Ya sauka matakala ɗaya, ya tsaya bai juyo ba.

"Aissa."

"Na'am, Baba."

"Ban huce ba. Kada ki ɗauka na huce. Ko kallon carbin nan ba na son yi yanzu."

"To, Baba."

"Je ki wanke fuskarki. Ki kunna wa uwarki wuta, kwaɓin nan zai lalace."